Girman Akwatin da Ya Dace da Kifin Zinare

Kifin zinare yana cikin kifayen ado mafiya yaɗuwa a duniya. Asalinsa ƙasar Sin ne, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, daga nan ya isa Japan, ya shiga Turai a ƙarni na 17, ya kai Amurka a ƙarni na 19. Galibi ana sayar da shi yana ƙarami, tsawonsa bai wuce yatsa ba, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka ɗan kwanon gilashi zai ishe shi. Wannan zaton ne ke kashe da yawa daga cikin waɗannan kifaye tun ba su kai ko'ina ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne girman da kifin zai kai, ba girmansa na ranar saye ba. Kifin zinare iri biyu ne manya. Akwai mai siririn jiki da jela guda, mai saurin iyo, wanda yakan kai santimita 25 zuwa 30. Akwai kuma mai dunƙulallen jiki da jela biyu, mai tafiya sannu-sannu, wanda yakan tsaya tsakanin santimita 15 da 20. In ya sami kulawa, kowannensu yakan rayu shekara 10 zuwa 15. Wani mai suna Tish ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43.

Abu na biyu shi ne ƙazanta. Kifin zinare mai yawan ci ne, ba shi da tumbi na sosai, don haka abinci yana wucewa da sauri, kashi ya yawaita. Daga jikinsa da ragowar abincin da ya ruɓe ake samun sinadarin amoniya, wanda guba ne ga kifi ko da kaɗan ne. A cikin na'urar tace ruwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke mayar da amoniya naitirait, su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canza ruwa. Ruwa mai yawa yana tsarma gubar, ya ba ƙwayoyin lokacin aikinsu. A ɗan ruwa kuwa, nan da nan take taruwa. Sai a ga kifi ya lafe a ƙasa, jelarsa ta yi jan zane-zane, ya daina kula abinci.

Na uku shi ne iska. Oksijin yana shiga ruwa ne ta samansa, don haka akwati mai faɗi da tsawo ya fi mai zurfi da ƙunci, ko da yawan ruwansu ɗaya ne. Aibin kwano mai siffar ƙwallo ke nan: bakinsa ƙarami ne, ba kuma wurin sa matata. Birnin Rum na Italiya ya haramta ajiye kifi a irinsa a 2005. Ruwan ɗumi kuma bai riƙe oksijin kamar mai sanyi, alhali kifin zinare ya fi son ruwa mai zafin digiri 18 zuwa 24. A ƙasa mai zafi, musamman lokacin bazara, ƙaramin akwati yana ɗumama da wuri, in kuma aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, kifi ya taso sama yana buɗe baki yana haki. Babban akwati ya fi jure wannan.

Ƙa'idar da masu kiwo suka fi bi ita ce: mai dunƙulallen jiki guda ɗaya a ba shi aƙalla lita 75, wato jarka uku masu cin lita 25, sannan a ƙara kimanin lita 40 ga kowane kifi da aka daɗa. Mai siririn jiki yana buƙatar ninkin haka ko fiye, kuma in ya girma tafkin gida ya fi dacewa da shi.

Lissafin ruwan akwati mai sauƙi ne. A ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai tsawon 90, faɗin 40, zurfin 40 yana cin lita 144, wanda ya ishi masu dunƙulallen jiki biyu. A tuna tsakuwa da kayan ado suna cin wuri, kuma ba a cika akwati har baki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka irin wannan akwati yana buƙatar mazauni mai ƙarfi, a wurin da rana ba ta bugawa.

Ana yawan cewa kifi yana girma daidai da akwatinsa. Gaskiyar ita ce ƙunci da gurɓataccen ruwa suna tsumburar da shi, su raunana jikinsa, su gajarta kwanansa.

Girman akwati bai ɗauke wa mai shi aiki ba. Ana canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, a kuma cire sinadarin kulorin daga ruwan famfo kafin a zuba. Wanda ba shi da wuri ko halin babban akwati, gara ya rage yawan kifin ko ya zaɓi ƙananan kifayen ado da ba su girma sosai, domin hakkin dabbar da aka tsare yana wuyan wanda ya tsare ta.