Tsofaffin finafinan Tamil: hawaye a sama, siyasa a ƙasa

In an ce fim ɗin Indiya, yawancinmu na Hindi muke tunawa. Ni kuwa tsofaffin finafinan Tamil na kudancin ƙasar suka fi tsaya min a rai, don da labarin iyali suke fakewa su yi siyasa.

Ɗauki Parasakthi na 1952, fim ɗin Sivaji Ganesan na farko. Saurayi ya dawo daga Burma, 'yan damfara suka wanke shi tas. Ƙanwarsa kuma mijinta ya mutu, yunwa ta sa ta gaba, har mai kula da wurin bauta ya nemi keta mata haddi. A kotu, yayan ya tuhumi al'umma gaba ɗaya.

Marubucin fim ɗin, Karunanidhi, shi ya zama babban ministan jihar Tamil Nadu a 1969. Ka ga ashe ba kuka kaɗai suke sayarwa ba.