Gidajen gado a Tsibirin Ikko na fuskantar matsin masu gine-gine

Ran Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Salla, mutanen Tsibirin Ikko suka ga katafila ta rushe gidan nan da ake kira Ilojo Bar, wanda ke daura da Dandalin Tinubu. An gina shi a wajajen 1855 bisa fasalin ginin Barazil, irin wanda 'yantattun bayin da suka komo daga can suka kawo. Alfred Omolana Olaiya ya saye shi a 1933, gwamnati kuma ta sa shi cikin jerin kayan tarihin ƙasa a 1956. Duk da haka bai tsira ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kasuwannin Balogun da Idumota sun daɗe da tumbatsa, sun malala cikin unguwannin zama. Filin da ke ɗauke da gida mai ɗakuna goma na iya ɗaukar bene mai hawa biyar cike da shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Masu gine-gine sun san wannan lissafi sarai, magada ma sun sani.

Galibi ba sayen gidan ake yi ba. Mai gini yakan karɓi filin haya na wasu shekaru da aka ƙayyade, ya ba dangi kuɗi a hannu, ya rushe tsohon gida, ya gina sabo, ya yi ta karɓar kuɗin haya har wa'adi ya cika, sannan ginin ya koma ga iyali. A takarda dai dangi ba su rabu da gadonsu ba. Amma wanda ya san ginin ba zai dawwama a hannunsa ba yana da kwaɗayin rage siminti da rodi, don kuwa ba shi zai zauna da tsagewar bango ba. Ba kowa ke haka ba, sai dai tsibirin ya sha ganin abin takaici. Ran 13 ga Maris 2019 wani bene da ke da makaranta a samansa ya rufta a Ita Faji, mutum kusan 20 suka rasu, akasarinsu yara.

A al'adar Yarbawa, gidan da uba ya bari ba na mutum ɗaya ba ne, na zuriya ne baki ɗaya, ƙarƙashin kulawar babban gida. Bayan tsatso uku ko huɗu, masu haƙƙi kan yi yawan gaske, wasu a Landan, wasu a Ikorodu, kaɗan ne ke kwana a gidan. Rufi na yoyo, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gyara. Ta wannan kafa mai gini ke shiga. Iyalan da suka iya riƙe nasu kuwa sukan naɗa amintattu a rubuce, su ba da ɗakunan da ke bakin titi haya, su riƙa gyara da abin da ya shigo.

Maganar ta shafi 'yan kasuwarmu da ke kama shaguna ko sayen fili a Ikko. Tun shari'ar Ekpendu da Erika ta 1959, ƙa'idar kotu ita ce: in manyan dangi suka sayar ba da yardar babban gida ba, cinikin bai ƙullu ba sam, in shi ya sayar a madadin iyali ba da yardarsu ba, suna iya neman kotu ta warware shi. Ban da haka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a miƙa wa wani haƙƙin mallakar fili a birni.

Saboda haka mai shirin biyan hayar shago ta shekaru a dunƙule ya nemi ganin yarjejeniyar da ke tsakanin mai gini da iyali, ya duba su wa suka sa hannu, da kuma shekara nawa suka rage wa'adin ya cika.