Binciken Gida da Waranti: Ina Ikon 'Yan Rakiya Ya Tsaya?

A unguwanni da yawa, idan 'yan sanda suka zo binciken gida ba su kaɗai suke zuwa ba. Ga mai unguwa, ga 'yan banga, wani lokaci har da wanda ya kai ƙarar. Maganar da ta zauna a bakin mutane ita ce duk wanda ya shigo tare da hukuma, shi ma ya zama hukuma. Doka ba ta ce haka ba.

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa, kuma abin da ke buɗe ƙofar shi ne waranti mai sa hannun alƙali ko majistare. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, ta ce a sashe na 147 ana iya rubuta waranti ga mutum ɗaya ko fiye, kowanensu kuma yana iya zartar da shi. Ikon na waɗanda aka rubuta wa ne. Kaduna ta yi irin wannan doka a 2017, Kano a 2019.

Gaskiya ne doka ta wajabta wa mutum taimaka wa ɗan sanda idan ya nema, wajen kama wanda ake zargi ko kwantar da tarzoma. Amma wannan bai ba ɗan banga hurumin shiga ɗaki shi kaɗai ya ɗaga katifa ba, balle ya dawo washegari da sunan ƙarasa aiki. Ko a Ingila, inda gyaran doka na 2003 ya ba ɗan rakiya irin ikon ɗan sanda, sai waranti ya amince da rakiyar, kuma sai a gaban jami'in, ƙarƙashin kulawarsa.

Mai unguwa fa? Galibi shaida ne. Sashe na 149 ya ce a yi bincike a gaban shaidu biyu, sai dai in kotu ta ce a'a, a rubuta abin da aka ɗauka, a sa hannu, a ba wanda aka bincika kwafi. Mai gida ma yana da haƙƙin tsayawa ya gani. Aikin shaida ido ne, kuma wannan idon shi ke kare talaka daga a jefa masa abin da ba nasa ba, ya kare jami'i daga ƙazafin sata. Shaidar da ya zauna a zaure ana bincike a ɗaki, sannan ya sa hannu, ya ci amanar maƙwabcinsa.

Batun mata kuwa, abin da ake faɗa daidai ne. Mace ce ke caje mace, kuma matar kulle sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa kafin a shiga.

Masu cewa binciken dare haramun ne suna riƙe da tsohon ilmi. Tsohuwar dokar shari'ar laifuka, wato CPA, ta ƙayyade daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 8 na dare, amma sashe na 148 na ACJA ya halatta kowane lokaci, har Lahadi da ranakun hutu. An yi ta muhawara a kansa a Oktoban 2016, lokacin da jami'an DSS suka shiga gidajen alƙalai da dare, ciki har da na Mai shari'a Sylvester Ngwuta na Kotun Ƙoli.

Jita-jitar da ta fi cutar da mutane ita ce wai da zarar an karya ƙa'idar bincike, shari'a ta mutu. A ƙarar Musa Sadau ta 1968 an yi bincike ba tare da cika sharaɗin maƙwabta biyu masu mutunci da dokar Arewa ta tanada ba, duk da haka Kotun Ƙoli ta karɓi abin da aka samo. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 14 da 15, ta bar wa alƙali ya auna girman saɓawar da nauyin shaidar. Wanda aka keta wa gida yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu ya nemi diyya, amma wannan shari'a ce daban da wadda ake tuhumarsa a ciki.