Ido Ya Gani, Amma Wa Ya Fassara?

Mu kan ce gani ya kori ji. Da zarar mutum ya ce, "Da idona na gani," sai kowa ya yi shiru, magana ta ƙare. Amma masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nuna cewa aikin gani kashi biyu ne. Ido ya kan karɓi haske, ya aika da saƙo ta jijiya. Ƙwaƙwalwa ce ke fassara saƙon, ta ce wannan akuya ce, wancan kuwa ɓarawo ne. Wurin fassarar nan ta kan ƙara abu, ta kan kuma zubar da abu, mai ita bai sani ba.

Ga gwajin da iyali za su iya yi da maraice. A zana gicciye a takarda, a ɗiga babban ɗigo a damansa, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Ka rufe idon hagu, ka kafa na dama a kan gicciyen, kana kawo takardar kusa da fuskarka sannu a hankali. Za ka kai wurin da ɗigon zai ɓace sarai. Dalili kuwa, inda jijiya ta fita daga ƙwayar ido babu abin da ke karɓar haske. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya gano wannan a wajen 1660. Kowannenmu yana yawo da wannan gurbi, ba mu kuwa ganin rami a cikin duniya, gama ƙwaƙwalwa ta kan cike shi da abin da ke kewaye.

Zubarwa kuma fa? A 1999 waɗansu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane hoton bidiyo na samari da 'yan mata suna jefa wa juna ƙwallo. Aka ce su ƙidaya jifan masu farar riga. Ana cikin wasan sai wani ya ratsa ta tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam. Idanunsu lafiya lau, hankalinsu ne yana wurin ƙidaya.

To, in ido yana iya ruɗinmu, ina mafita? Labarin wani doki zai koya mana. A Berlin ta ƙasar Jamus akwai wani tsohon malamin makaranta, Wilhelm von Osten, mai doki ana ce da shi Hans. In aka tambayi dokin uku da huɗu nawa ne, sai ya buga kofato sau 7 ya tsaya. A 1904 wani kwamiti na mutum 13 ya bincika, bai sami wata yaudara ba. Sai wani masani, Oskar Pfungst, ya ɗauko abin daki-daki, yana sāke abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji. Wani lokaci mai tambaya ya san amsar, wani lokaci bai sani ba. Wani lokaci dokin yana ganinsa, wani lokaci a kāre masa ido. In mai tambaya ya san amsa, dokin kuma yana ganinsa, kusan kullum daidai ne. In bai sani ba, sai dokin ya yi ta kuskure. Ashe ba lissafi ya iya ba. Sa'ad da bugun ya kai adadin da ake so, mai tambaya ya kan ɗaga kai kaɗan ba da saninsa ba, dokin kuwa ya tsaya. Pfungst ya buga sakamakonsa a 1907. Saboda irin wannan ne in ana gwada sabon magani, a kan ɓoye wa likita da majiyyaci wanda ya sami na ainihi.

Von Osten ba maƙaryaci ba ne. Abin da yake so ya gani, shi ya gani. Mu ma iyaye da malamai haka mu kan yi. Yaro a kira shi sau uku bai amsa ba, mu ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala. Yarinya ta yi ta kwafar kuskure daga allo, mu ce daƙiƙiya ce. Kafin hukunci, mu gwada. A tsaya bayan yaron inda ba ya ganin bakin mai magana, a kira shi a hankali ta kunnen dama, sa'an nan ta hagu. A dawo da yarinyar layin gaba mako guda, a ga ko aikinta ya sāke. In an ga alama, a kai su asibiti da wuri, musamman yaron da kunnensa ke zubar da ruwa. Kunnen da aka yi sakaci da shi yana iya kurmancewa.

Haka kuma in gardama ta zo gaban dattawan ikkilisiya. Mutum biyu su ba da labari dabam dabam a kan abu guda, ba lalle ne ɗayansu ya yi ƙarya ba. Shari'ar Musa, a Kubawar Shari'a sura 19, ta hana a kā da mutum bisa shaidar mutum ɗaya. Wanda ya halicci ido ya san iyakarsa. Mu gode masa domin ido da kunne, mu kuma roƙe shi haƙurin yin bincike kafin mu ɓata sunan maƙwabci ko mu karya zuciyar yaro.