Abin da uwa ta ci kafin a san tana da ciki

A Keffi, kamar sauran garuruwanmu, mace ba ta cika zuwa awo ba sai ciki ya fito. Mai cikin fari kam kunya ba ta barinta ta faɗa, sai uwar miji ta ga tana tofar da yawu tana ƙin warin daddawa. Kafin ta yanki kati a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko a asibitin unguwa, an shiga wata na huɗu ko na biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi a fara awo cikin makonni 12 na farko. A lokacin da muke ɓoye cikin nan ne jikin ɗan tayi yake soma tsara yadda zai ji yunwa da ƙoshi har ya girma.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamus, shi ke gaya wa mutum ya ci ko ya tsame hannu. Kitsen jiki yana aika masa labari ta sinadarin leptin, wanda aka gano a 1994, wata ƙwayar gado mai suna POMC kuma tana cikin masu kawo jin ƙoshi. Abincin uwa ba ya canza ƙwayoyin gadon kansu. Alamomi ne jiki yake ɗora musu, kamar wasali a kan baƙi: baƙin yana nan, karatun ya sauya. Kayan yin alamomin, irin su folik asid, bitamin B12 da kolin, daga kwanon uwa suke fitowa.

A hunturun 1944 zuwa 1945 yaƙi ya jefa yammacin Holan cikin yunwa. Binciken da aka buga a 1976 kan samari 300,000 da suka je shiga soja ya nuna waɗanda yunwar ta riska a rabin farko na ciki sun fi yin ƙiba. A 2008 aka duba jinin wasu daga cikin 'ya'yan wannan yunwa, sun kai shekara 60, aka tarar alamomin da ke kan ƙwayar IGF2 sun bambanta da na 'yan uwansu ciki ɗaya. Nan gida ma an gani. A 2010 aka buga sakamakon gwajin 'yan kasuwa a Enugu: waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara sun fi na bayansu hawan jini, yawan suga da teɓa.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Keneba a Gambiya, ƙauyen manoma masu jiran damina. Can aka ga yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamominsu sun sha bamban da na 'yan rani, har da na POMC. Abin mamaki, damina ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa, amma 'yan daminar ne suka fi yawan alamomin. Ke nan ba cika tumbi kaɗai ake magana ba, me ke cikin miyar?

Gwaji a kan ɓeraye ya tabbatar da cewa 'ya'yan uwar da aka tauye wa abinci sukan tashi da ci babu ƙoshi. A mutum dai alaƙa aka gani, ba hukunci ba ne a kan kowane yaro.

Nasarawa ƙasar doya ce da rogo, ga su suna ƙosarwa, amma sakwara da alabo ba su da B12. Riɗi, gyaɗa, agushi, wake da zogale duk ana samunsu a kasuwar Keffi, sai a haɗa da ƙwai, hanta ko busasshen kifi. Wahalar ita ce rabon. A gidaje da yawa tsokar tana kwanon maigida, amarya kuwa sai ta sallami kowa take kankare tukunya. Ni a ganina ƙwayar folik asid ta maikirogiram 400 da ake bayarwa wurin awo, tun amarya na lalle ya kamata ta fara sha.