Ciwon kafaɗar da ke daɗewa bayan faɗuwa a babur

A yankin Funtua da Malumfashi na kudancin jihar Katsina, babur shi ne abin hawan manomi. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai taki, da shi kuma ake ɗauko masara da auduga zuwa kasuwa.

Sai dai idan damina ta kankama hanyoyin ƙauye suka yi santsi, faɗuwa kan yawaita, kuma sau da yawa kafaɗa ce kan fara dukan ƙasa. Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta sanyawa a watan Janairun 2009, kai kaɗai take karewa.

Tushen ciwon

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a kafaɗa: ƙashin damtse, da allon kafaɗa, da ƙashin da ya taso daga ƙirji. Gurbin da kan ƙashin damtse yake zaune a ciki ba shi da zurfi, saboda haka tsoka huɗu da jijiyoyinsu ne ke riƙe da shi. Wannan ne ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa juyawa, ta kuma fi saurin gocewa.

Karayar ƙashin da ya taso daga ƙirji kan haɗe cikin makonni 6 zuwa 12 a jikin baligi. Idan ciwo ya zarce haka, likitocin ƙashi kan duba ko ɗaya daga cikin jijiyoyin nan ta yage, musamman ga wanda ya haura shekaru 40. Alamarta ita ce raɗaɗi da daddare, da kasa ɗaga hannu sama, har ma wajen kabbarar salla.

Akwai kuma sandarewar kafaɗa, wadda kan biyo bayan daɗewar hannu a ɗaure. Ta fi kama masu ciwon sukari, kuma takan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin ta saki.

Ɗori da asibiti

Jama'a da dama kan fara zuwa wurin mai ɗori. Matsalar ita ce hannu ba ya iya tantance yagewar jijiya. Ɗauri mai tsanani kan tare jini, yayin da kafaɗar da ta goce aka bar ta makonni kan yi wuyar komawa ba tare da tiyata ba.

Hoton ƙashi shi ne matakin farko, kuma manyan asibitocin Funtua da Malumfashi ne mafi kusa da za a fara tuntuɓa. Amma hoton ba ya nuna jijiya, sai an yi sikanin ko hoton MRI. Idan lamarin ya yi tsanani, akan tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Hanyar samun sauƙi

Yawancin masu wannan larura kan warke ba tare da tiyata ba, ta hanyar gashin ƙashi da motsa hannu sannu a hankali bisa shawarar ma'aikatan lafiya. Garajen komawa ga fartanya ko ɗaukar buhu na iya mayar da hannun agogo baya, mutum ya yi asarar aikin kaka baki ɗaya.

Yawan shan ibuprofen ko diclofenac na iya haddasa gyambon ciki da cutar ƙoda. Tramadol kuwa yana ɓoye ciwon ne kawai, ga kuma haɗarin sabo da shi.

Alamun da ba a jira da su sun haɗa da mutuwar yatsu, da sanyin hannu, da wahalar numfashi. Haka nan ciwon kafaɗar hagu tare da ciwon ciki da jiri bayan faɗuwa na iya nuna fashewar saifa, abin da ke bukatar a garzaya asibiti nan take.