FASHIN BAƘI: Abin da ke tsakanin ɗan birnin Kano da tseren kwana-kwana na kan dusar ƙanƙara

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa da yamma ya san su: samari masu takalmin taya suna kutsawa tsakanin motoci, wannan ya kama bayan Adaidaita Sahu, wancan ya sunkuya ya sha kwana kamar ba shi da ƙashi a jiki. Akwai kuma waɗanda cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu, suna zaune a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi, suna tura kansu da hannu cikin saurin da kan ba mai mota tsoro. Abin da waɗannan mutane ke yi a kan kwalta, wato sarrafa nauyin jiki a kan abu mai gudu, shi ne tushen wani wasa da ake ba da lambar zinare a kansa a wasu ƙasashe. Wasan shi ne tseren kwana-kwana da allon zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce babu dusar ƙanƙara a Kano, don haka zance ya ƙare. Amma idan aka bi matakan shiri da na tafiya ɗaya bayan ɗaya, za a tarar rashin ƙanƙara shi ne mafi sauƙin warwarewa a cikin matsalolin.

Yadda tseren yake

Ɗan wasa yana tsayawa ne a karkace a kan allo guda, wanda tsawonsa yakan kai mita ɗaya da rabi ko ya ɗan ɗara, an ɗaure ƙafafunsa biyu a jiki. Hanyar tana gangarowa daga kan dutse tana murɗewa dama da hagu, kuma a kowace kwana an tara dusar an yi mata tudu mai karkata, kamar bangon kwano. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen ramin da ke bin gindin ganuwa, ko bakin ɗaya daga kududdufan cikin birni lokacin rani, zai iya suranta siffar wurin. Ana kafa tutoci a kowace kwana. Wanda ya tsallake tuta ɗaya, zagayensa ya ɓaci.

Mutum ɗaya ke sauka a lokaci guda, agogo ne abokin hamayyarsa. Ba a neman tsalle ko alkafura. Gwaninta tana wajen zaɓen layi: wanda ya hau tudun da yawa ya tsawaita wa kansa hanya, wanda ya bi ta ƙasa sosai kuma ya rasa abin da zai tallafe shi, sai ya ja birki da gefen allo. Gwani yakan durƙusa yana shiga kwana, ya miƙe yana fita, ta haka tudun ke cilla shi gaba da ƙarin gudu. Ɗan acaɓa da ke kwantar da babur a shataletale ya san rabin wannan ilimi.

Uwar gasannin ita ce Legendary Banked Slalom, wadda ake yi a Dutsen Baker da ke jihar Washington ta Amurka, daf da iyakar Kanada. An fara ta a 1985, lokacin da wuraren wasan ƙanƙara da dama ke korar masu allo. Bob Barci, wani mai shagon kekuna, da Tom Sims, ɗaya daga magabatan ƙera allon, su suka shirya ta, kuma Sims ɗin ne ya lashe ta farko a cikin 'yan tseren da ba su kai 20 ba. Ba a ba da kuɗi. Kofin zakara naɗin salatif ne da aka yi wa ado, sai rigar sanyi ta kamfanin Carhartt. Duk da haka Terje Haakonsen na Norway, wanda ya ƙaurace wa gasar Olympics ta Nagano a 1998 alhali ana ganin babu kamarsa, ya yi ta zuwa Baker yana lashe wannan salatif.

Shirin da ke gaban tafiya

Rabin tseren ana yin sa ne a kan teburi, daren jajibere. Ana narka kaki da dutsen guga a shafe cikin allon, a bari ya huce, a kankare, a goge da buroshi har ya yi santsi. Kakin ranar tsananin sanyi daban, na ranar da dusar ta jiƙe daban, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓi zai ji allonsa na manne wa ƙasa. Gefen ƙarfen allon ma sai an wasa shi da zarto domin ya kama ƙanƙarar da ta daskare. Hukumar wasannin ƙanƙara ta duniya, FIS, ta haramta kakin da ke ɗauke da sinadarin fulorin a gasanninta tun daga kakar 2023 zuwa 2024, saboda illarsa ga muhalli da lafiyar masu shafa shi.

Kafin a fara, akan bar 'yan wasa su bi hanyar a hankali suna haddace kwanoni. Sai dai hanyar safe ba ita ce ta azahar ba. Bayan mutane da yawa sun wuce, tudun yakan zaizaye ya yi ramuka, ta yadda wanda ya zo a ƙarshe yake kokawa da sawun waɗanda suka gabace shi.

Ƙarfin cinya da na ƙugu, da iya daidaita jiki, duk ana iya gina su a kan kwalta. Hawa da sauka a matakalar Dutsen Dala da asuba zai yi wa cinya abin da ɗakin motsa jiki zai yi mata. Rigunan sanyi masu kauri kuwa suna jibge a layin 'yan gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai. Abin da ba a samu a Kano shi ne allon kansa, da takalminsa, da maɗaurinsa, da gilashin kare ido, waɗanda sai an yi odar su da dala.

Ita ma dusar ba ta kai nisan da ake zato ba. A Alƙahira, inda jirgin EgyptAir ke zuwa kai tsaye daga Kano, an buɗe Ski Egypt a 2017, filin ƙanƙara na cikin gini. A Dubai, da 'yan kasuwar Kantin Kwari suka sani kamar tafin hannunsu, akwai irinsa tun 2005. Mai son dutse na gaske yana iya zuwa Oukaimeden a kudancin Marrakesh ta Maroko, ko Afriski a Lesotho, wanda ke sama da mita 3,000 daga doron teku, kuma kakarsa daga Yuni zuwa Agusta take. Wanda ya tashi a Kano, garin da bai kai mita 500 ba, zai ji numfashinsa ya gajarta a can kafin ya ɗaura allo.

Inda hanya ke toshewa

A kan taswira, tafiya Baker ba ta da wuya. Qatar Airways ya fara sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a 2022, kuma yana da jirgi daga Doha zuwa Seattle. Daga Seattle sai mota zuwa Bellingham, sannan a kama babbar hanya mai lamba 542 da ke hawa dutsen. Babu otal a filin wasan, don haka yawancin baƙi a ƙauyen Glacier suke kwana, su yi sammako, wani lokaci sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa. Wurin ya shahara da yawan dusa: a kakar 1998 zuwa 1999 an auna wadda ta zuba ta kai kusan mita 29, abin da ya zama tarihi a duniya. Tazarar lokaci tsakaninsa da Kano sa'o'i tara ce a watan Fabrairu, lokacin da aka fi yin gasar, kuma a 'yan shekarun nan azumi ma a wannan tsakanin yake kamawa.

Samun gurbi kansa aiki ne. Masu nema sun fi guraben yawa, don haka wasu ke shiga ta sakamakon baya, wasu ta gasannin share fage, saura kuma ta ƙuri'a.

Sai biza. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, kuma ba a mayarwa ko an hana mutum. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya haura naira 277,000, kusan albashin wata huɗu ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na jihar Kano, naira 71,000. Ganawar kuma sai an je Abuja ko Legas. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin irin wannan biza ga 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. Matashin da ba shi da aikin ofis, ba shi da kadara, ba shi da ajiya mai nauyi a banki, shi ne ainihin wanda jami'in biza ke zargin ba zai dawo ba. Irin wannan matashi ne kuma ke shan kwana a Ƙofar Mata.

Tarihin Najeriya a wasannin hunturu ya tabbatar da haka. Ƙasar ta fara halartar Olympics ta hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018, da Seun Adigun, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren keken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo a nau'in da ake kwanciya rub da ciki. A Beijing a 2022 Samuel Ikpefan ya wakilci ƙasar a tseren dogon zango. Ukun farko a Amurka aka haife su, Adeagbo a Kanada, Ikpefan a Faransa. Wannan bai rage musu daraja ba ko kaɗan. Su Adigun a Houston suka yi atisaye, garin da shi ma dusa baƙuwa ce a cikinsa, da keken katako da ita Adigun ta harhaɗa da hannunta, suka kuma nemi tallafin dala 75,000 ta intanet. Sun nuna ana iya farawa ba tare da ƙanƙara ba. Abin da suke da shi, wanda ɗan cikin birni ba shi da shi, shi ne damar tsallaka iyaka ba tare da layin ofishin jakadanci ba.

Ƙofar masu buƙata ta musamman

Tseren kwana-kwana mai tudu ba ya cikin wasannin Olympics na hunturu, amma yana cikin na nakasassu tun 2018. A shekarar ce Bibian Mentel ta Holan, wadda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji, ta ci zinare a cikinsa. Ana raba 'yan wasa rukuni uku: biyu na masu larurar ƙafa gwargwadon tsananinta, ɗaya na masu larurar hannu.

A nan ne maganar ta fi shafar Kano. Jihar ta daɗe tana cikin wuraren da shan inna ya fi yi wa ɓarna kafin a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020, kuma dubban waɗanda ta taɓa suna nan da ransu. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙira a 1988, tana da ƙungiyoyi da 'yan kallo a Kano. Najeriya kuma ba baƙuwa ba ce a wasannin nakasassu: a Rio a 2016 ta ci zinare takwas, mafi yawansu a ɗaga nauyi.

Dole a yi adalci a nan. Allon ƙanƙara a tsaye ake hawan sa, don haka wanda ƙafafunsa biyu suka shanye gaba ɗaya ba zai shiga wannan tsere ba, sai dai nau'in da ake yi a zaune a kan kujera. Amma wanda ƙafa ɗaya ta raunana, ko aka yanke masa ƙafa ko hannu bayan haɗarin mota, yana cikin waɗanda ƙa'ida ta yarda da su.

Sharuɗɗan a bayyane suke. Tun 2022 FIS ce ke kula da wasan nakasassu na allon ƙanƙara. Ɗan wasa yana buƙatar lasisi ta hannun hukumar ƙasarsa, da tantancewar ƙwararru da za su sa shi a rukuni, sannan ya halarci gasanni, galibi a Turai da Arewacin Amurka, ya tara maki. Babu ɗaya daga waɗannan da mutum zai yi wa kansa daga Jakara ko Mandawari, komai gwanintarsa. Aiki ne na hukumar wasanni ta ƙasa da kwamitin wasannin nakasassu, kuma zai ci kuɗin tikiti da masauki na shekaru kafin a ga sakamako.

Ɗan Afirka na farko a gasar nakasassu ta hunturu makaho ne daga Uganda, Tofiri Kibuuka, wanda ya yi tsere a Sweden a 1976. Har zuwa gasar Beijing ta 2022, Najeriya ba ta tura ko mutum ɗaya ba.